Lambun da Jarida Ta Sare

Duk shekara sai an turo mana 'yan firaktikal, masu koyon aikin jinya, nan ƙaramin asibitin da nake aiki a Madachi, kuma duk shekara sai an sami wadda za ta dube ni ta ce, "Hajiya, wai da gaske a makarantar kwana kika yi ƙuruciyar aikinki? Kai, kin ji daɗinki. Allah Ya sa ni ma can za a tura ni." In na tambaye ta me ta sani game da aikin, sai ta yi dariya ta ce ai farasitamol ne da kujera, in ɗalibai suka tafi hutu nas ma ta tafi hutu. Da can nakan buɗe musu wuta. Yanzu na daina, don na gane ba su suka ƙago maganar ba. Abin da suka taso suna ji ke nan, kuma na san inda aka samo shi.

A nan Rano da Kibiya ba kowa ke karanta jarida ba, amma kowa yana jin ta. Da safe, a teburin mai shayi, a tashar 'yan adaidaita, a tsakar gida mata na wanke-wanke, rediyo ce ke karanto kanun labarai tana fassarawa, kuma abin da ta karanto ya zauna daram. Shekara da shekaru ina sauraro, ban taɓa jin an ambaci nas ɗin makaranta don ta yi wani aiki ba. In an kawo gudummawar gidan sauro, za ki gan ta can gefen hoto rungume da kwali, rabin fuskarta a waje. In yarinya ta rasu, ranar ce za a tuna da ita, a haɗa ta da kalmar sakaci. Tsakanin waɗannan biyun babu ita. To ku da aka turo mana bana, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, da yadda ya suɓuce mini.

Ranar da na fara aiki a makarantar 'yan matan, na zo da farar riga mai guga da littattafaina, ina jiran a nuna mini kabad ɗin magani. Wadda na tarar, Hajiya Uwani, tsohuwar nas ce da ta kusa ritaya, doguwa, ba ta son surutu. Ko kallon littattafan ba ta yi ba. Ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta miƙo mini, ta ja ni har ƙofar ɗakin cin abinci, ta ce in zauna in kalli yara suna shiga. Na zauna har rana ta ci mini ƙeya. Da aka watse ta ce, "Me kika gani?" Na ce na ga yara da kwanuka. Ta ce, "To ba ki ga komai ba. Gobe ki dawo." Haka ta yi ta jibge ni a ƙofar nan har idona ya buɗe. Na fara ganin wadda ke ɗingishi tana ɓoyewa, da wadda ta karɓi tuwo ta juye wa ƙawarta, da wadda ke sosa tsakanin yatsu a cikin hijabi, da wadda idonta ya yi ɗorawa. Sai a lokacin ta ce da ni, "Mai ciwon ƙarya ita za ta same ki a kilinik. Mai ciwon gaske ke za ki fita ki nemo ta."

Kayan aikinmu in kuka gan su dariya za ku yi. Ma'aunin zafi na gilashi, irin wanda sai an kaɗa shi kafin a sa a hammata. Almakashi mai lanƙwasa, matsefata ta cire ƙaya, auduga, bandeji da muke wankewa mu shanya mu sake naɗewa, aidin, da maganin nan mai launin shuɗi da ake shafa wa gyambo. Risho ɗaya da tukunyar tafasa kayan aiki, wadda ba a yarda ko ruwan shayi a dafa a cikinta ba. Gadaje 'yan kaɗan da katifun leda. Kabad ɗin maganin kuwa, farkon zango yakan yi ɗan nauyi, kafin tsakiya ya koma kamar rumbu a watan bazara. Babu likita. In abu ya fi ƙarfinki, sai ki nemi motar makaranta, in tana da mai, in direban yana nan. In babu, ki tsaya bakin titi ki tare mai babur, ki sa yarinya a tsakiya ki rungume ta har asibitin Rano.

Harbin kunama shi ne aikin da na fara yi ni kaɗai. Yarinya 'yar aji ɗaya ta sa ƙafa a takalmi ba ta kakkaɓe ba. Aka kawo ta, ɗaki guda na biye da ita, kowa na kuka, har da waɗanda ba su san me ya faru ba. Wata ta ɗaure mata ƙafa da ɗankwali har ta fara baƙi, wata na neman reza a tsaga. Abu na farko da na koya ranar, ba magani ba ne, korar 'yan rakiya ne. In ba ki kore su ba, mara lafiya ɗaya za ta zama goma kafin ki juya. Na kwance ɗankwalin, na wanke wurin, na sa ruwan randa mai sanyi, na ba ta maganin ciwo, na zauna ina duban numfashinta da zufarta har ta yi barci. Mafi yawan aikin nan zama ne da kallo, kuma duk wanda ya leƙo ta taga zai ce ba ki yin komai.

Masu zuwa wurinmu kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan ranar jarrabawar lissafi, masu cusa albasa a hammata wai don jiki ya yi zafi. Tun daga bakin ƙofa hancina ke sanar da ni, sai in ce, "Sannu 'yata, miyar ta nuna ko a ƙara wuta?" Akwai malamai masu son allurar ƙarin ƙarfi, akwai masu dafa abinci da ƙunarsu da ciwon bayansu. Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da yara har a shimfiɗa tabarmi a baranda. Ƙazuwa in ta shiga ɗaki ɗaya, sai kin sa an fito da katifu da zannuwa duka an baza a rana. Ranar ziyara kuma iyaye ne za su zo da ƙullin sassaƙe da gorar rubutu, uwa ta ja ki gefe ta ce, "Don Allah Hajiya ki sa mini ido a kanta, ba ta faɗin ciwo." Duk wannan ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne ciwon da ake jin kunyarsa.

Yarinya mai fitsarin kwance ta gwammace ta kwana a zaune da a ce an gan ta tana shanya katifa. Mai sikila ba ta son a sani, don maganar za ta riga ta isa garinsu. Mai tarin da ya daɗe ma haka. A makarantar kwana kuwa ba a ɓoye komai. In aka ga yarinya tana zuwa kilinik kullum, kafin mako ya zagayo an raɗa mata suna, an yi mata waƙa, an ware mata kofi. Hajiya Uwani tana da dabararta: sai ta ce da shugabar ɗalibai tana son 'yan shara, ita za ta zaɓa da kanta, in sun zo sharar ta ba su magani a ɓoye. Ni da na gaje ta sai na ga shara ba ta isa dalilin zuwa safe da yamma ba. Na kama fegin da ke bayan kilinik na kewaye shi da kara, na dasa zogale da rama da ɗan yakuwa. Shuka dai kowa ya san sai an ba ta ruwa sau biyu.

Ga yadda abin yake tafiya. Duron ruwan lambun na ajiye shi daidai ƙarƙashin tagar baya ta ɗakin magani, da moɗa a rataye. Yarinya za ta zo da bokiti ta sunkuya tana ɗiba, ni kuma ina ciki kamar ina goge taga. Sai in miƙa hannu, ta miƙo nata, ƙwayar magani ta faɗa tafinta. Ta kamfaci ruwa a moɗa ta kora, ta ɗauki bokitinta ta wuce. Kuma ba masu ciwo kaɗai nake zaɓa ba. Nakan cakuɗa su da lafiyayyu, masu ƙiriniya ma, yadda ba wanda zai iya zaro wata ya ce ita ce. Su kansu ba su san na juna ba. 'Yan ban ruwa ake ce musu, har ana rububin shiga cikinsu, don ranar Juma'a nakan yi musu kwaɗon zogale da ƙuli. Shugabar makaranta ta san da maganar a dunƙule, ba ta taɓa tambayata suna ba. Shekaru muka yi a haka ba wanda ya ji.

Sa'adatu mahaifinta ne ya kawo ta da kansa, Malam Hudu, manomi daga Durba. Ya bar sauran iyaye suka gama hayaniyarsu, sannan ya zo ya tsuguna a barandata ya cire hula yana murza ta. Ya ce, "Hajiya, amana na kawo miki. Yarinyar nan tana da farfaɗiya. Daga ni sai uwarta sai likitan da ya duba ta a Kano muka sani. Ya ce in tana shan maganin nan ba fashi, ba za ta faɗi ba, kuma tun da ta fara ba ta faɗi ba. Kanta yana ja, malamanta na firamare su suka matsa mini in kawo ta nan. In aka sani, kin san sauran." Na sani kuwa. A wurinmu mutane sun ɗauka in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka ɗauka. Ba a cin abinci da ita, ba a kwana kusa da ita. Na ce masa, "Malam, na karɓa. In sha Allahu daga bakina ba za a ji ba."

Ba zan iya damƙa mata maganin ta ajiye ba. Dokar makaranta ta hana ɗaliba riƙe magani a ɗakin kwana, kuma ana binciken akwatuna ba sanarwa. Irin nata kuma yana sa barci, in aka kama ta da shi sai a ce 'yar ƙwaya ce. Saboda haka ta shiga 'yan ban ruwa tun daga makon farko. Siririya ce, mai ɗan wushirya, ba ta da hayaniya amma akwai tambaya. In ta gama ban ruwa sai ta maƙale a taga: me ya sa ake tafasa almakashi, me ya sa ake kaɗa ma'aunin zafi. Wata rana ta ce, "Sista, mai irin ciwona tana iya zama nas?" Na ce me zai hana. Har ta kai aji biyar ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, kuma ba ta fita daga sahun gaba a ajinsu.

Mummunar shekarar ta zo ne da biki. Matar wani babban mutum ta kawo gudummawar gidan sauro da sabulu, da motoci da 'yan jarida a bayanta. Aka yi jawabai har la'asar. Ni na riƙe kwalina aka ɗauki hoto, na zame na koma bakin aiki, don lokacin ban ruwa ya yi. Ashe wani saurayi daga cikin 'yan jaridar ya gaji da jawabi ya zagayo. Ya leƙa kilinik ya ga gadaje ba kowa, abin da ni nake gode wa Allah a kai. Ya zaga baya ya ga yara da bokitai, ya gan ni na fito ina tsinkar zogale a faranti. Ya yi sallama da ladabinsa.

"Mama, lambun nan na makaranta ne?"

Na ce, "Ni na dasa shi."

"Yaran fa, kullum suke wannan aikin?"

"Safe da yamma."

"Ba marasa lafiya ne yau?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, ka dai ga gadajen."

Yaran na tsaye suna jinmu, to me zan ƙara? Ya ɗaga kyamara ya ɗauka, ya yi godiya ya tafi. Har zogale na ƙulla masa a leda ya kai gida.

Da safe ina shan koko a gida na ji labarin a rediyo. Mai sharhin jaridu ya karanto da Turanci ya fassara da Hausa mai daɗi, har da 'yar dariya: wai a wata makarantar 'yan mata da ke kudancin Kano, ma'aikaciyar jinya ta mai da asibitin makaranta gonarta, ta mai da 'ya'yan talakawa 'yan ƙwadago, gadaje na nan ƙura ta rufe su. Ba a faɗi sunana ba, amma nas nawa ce ke da lambu a ƙasar Rano? Kafin azahar hoton ya shiga wayoyi. Mai adaidaitar da ya saba ɗaukata ya ce, "Hajiya, ashe noma aka koma? A taimaka mana da zogale mana." Wata maƙwabciyata ta aiko 'yarta wai ko ina sayar da rama. Mutanen da na yi jinyar 'ya'yansu, na wanke musu amai da gudawa, su ne ke tura wa juna hoton. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban san ma somin taɓi ba ne.

Kwamiti aka turo daga sama. Suka zauna a ofishin shugaba, da jaridar a baje a kan tebur. A cikinsu akwai wakilin iyaye, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kibiya, wanda babu gidan da bai sani ba daga nan har Durba. Na yi musu bayanin lambun tiryan-tiryan, da duro da taga da moɗa. Shugaban kwamitin ya gyaɗa kai, na ga alamar ya fahimta. Sai Alhajin ya ce, "To Hajiya, abu mai sauƙi ne. Kira mana yaran, kowace ta faɗi ciwonta, mu wanke ki." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ne kaɗai ba zan iya ba." Ya ce to ko sunayensu. Na ce ko sunayensu. Ya tafa hannu ya dubi sauran. Shugaban kwamitin ya bi ni har baranda ya rage murya ya ce, "Hajiya, ni na yarda da ke. Amma jarida ta riga ta rubuta, kuma na sama suna son su ga an yi wani abu."

Aka kuwa yi wani abu. Aka sa leburori suka sare zogalen, suka tuge karan, suka mirgine duron zuwa kicin. Aka kafa sabuwar doka: duk mai ciwo ta ɗaga hannu a taron safe, a gaban makaranta duka, ɗalibar da ke shugabar lafiya ta jera su a layi ta rako su. Ni kuma aka ba ni takardar canjin wurin aiki zuwa nan Madachi, ba tare da an turo wata a madadina ba. Makullin kilinik aka ba malamar motsa jiki. Jaridar ta sake ɗan rubutu a ƙasan shafi, wai an ɗauki mataki sakamakon rahotonta, rediyo ma ta karanto.

Kafin in tafi na shiga wurin shugabar makaranta na rufe ƙofa. Ita kaɗai na gaya wa sunan Sa'adatu, don ba yadda zan yi. Na ajiye mata maganin na ce, "Ranki ya daɗe, safe da yamma, ba fashi. Ki ce aikenta kike yi." Matar kirki ce, ta karɓa har da hawaye. Amma shugabar makaranta ba mai zama ba ce. Yau taro a Kano, gobe baƙi, jibi rasuwa. Sa'adatu kuma ba za ta ɗaga hannu a gaban taro ba, ba za ta je ta tsaya ƙofar ofis kullum ana kallonta ba. In ta samu ta sha, in ba ta samu ba ta yi shiru.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Baba Larai mai dafa abinci ce ta zo har gida ta ba ni labari. Da safe ne, ana layin kunu. Sa'adatu ta miƙa kofi ke nan sai ta sandare ta faɗi, hannunta ya tafi cikin tukunyar, tukunyar ta biyo ta. Tana karkarwa, kumfa na fita, yara suka dare suna ihu kada yawun ya taɓa su. Abin da ake buƙata bai fi a janye ta daga zafin, a juya ta ta gefe, a sa mata tsumma a ƙarƙashin kai, a kori mutane ba. Babu mai korar 'yan kallo. Baba Larai ce ta jefar da ludayi ta ja ta. Kafin nan wata 'yar aji ɗaya ta firgita ta zube, wata ta bi ta, sai ga yara birjik a ƙasa suna kururuwa. Ku tuna abin da na gaya muku a kan harbin kunama. Da akwai nas a wurin, da mara lafiya ɗaya ce.

'Yan jarida suka dawo, wannan karon da yawansu. Ba wanda ya tambayi me ya sa kilinik ke kulle. Ba wanda ya tambayi wace ce ta fara faɗuwa, ko me ke damunta. Kanun labarin da rediyo ta karanto shi ne aljanu sun afka wa makarantar 'yan mata. Aka yi mako ana maimaitawa, ana kiran waya ana tofa albarkacin baki, wani ya ce makarantar a kan tsohuwar maƙabarta aka gina ta, wani ya ce tsamiyar bakin masallaci ce. Aka rufe makarantar na ɗan lokaci aka yi addu'o'i. Da aka buɗe, kowa ya koma ban da Sa'adatu. Iyayen yara sun ce in ta dawo za su kwashe nasu.

Bayan an yi girbi na sami maganin na hau babur zuwa Durba. Malam Hudu ya tare ni a zaure, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa kamar yadda ya kamata. Na fito da maganin na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba. Sannan ya tura shi gabana da bayan hannu, a hankali.

"Hajiya, an gode. Amma mun koma na gida. Hayaƙi ake mata da rubutu."

Na ce, "Malam, kai da bakinka ka gaya mini abin da likita ya ce. Shekara nawa ba ta faɗi ba?"

Ya ce, "Haka na ɗauka a da. To sauran yaran da suka zube tare da ita fa, su ma farfaɗiyar ce? Jarida ta rubuta, rediyo ta karanta, duk garin nan an ji. Iska ce. Masu ilimi ne fa suka rubuta, ba ni ba."

Na yi masa bayanin firgita, na yi masa bayanin fashin magani. Yana ji yana murza hularsa. Da na gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kuma Hajiya, kada ki ji haushi. Amana na ba ki ki ba yarinya magani. Sai ga ta a wayar mutane da bokiti tana yi miki noma." Na ce masa ai a wurin bokitin nan take shan maganin. Ya ce, "To, Allah Shi ne masani." Na gane maganata ba ta da nauyin da za ta ture abin da ya ji a rediyo.

Ya dai bar ni na shiga na gan ta. An ware mata ɗaki can ƙarshen gida, da kwanonta da kofinta a kife a bakin ƙofa, ba a haɗa su da na kowa. Hannun dama ya warke amma fatar ta tattare, yatsun ba sa miƙewa sosai. Ta rame. A bayan ɗakin ta kafa 'yan sandunan zogale, sun yi tofo. Ta ga ina kallonsu sai ta yi murmushi, wushiryar nan ta fito. Ta ce, "Sista, har yanzu ina ban ruwa, safe da yamma. In lokacin ya yi jikina ne ke gaya mini. Sai dai nan babu taga." Na fito da maganin a jakata kamar yadda na shiga da shi, don uban ya tsaya a tsakar gida yana jirana. Na koma bayan nan, na aika, na haɗa shi da limaminsu, amsar ba ta canza ba.

Makarantar tana nan. Na ji an turo wata nas daga baya, yarinya kamarku, ta zauna a kujera tana jiran masu ɗaga hannu, tana ba su farasitamol. Ba laifinta ba ne, ba ta tarar da wanda zai zaunar da ita a ƙofar ɗakin cin abinci ba. Kun ga ke nan abin da jarida ta ce aikin yake, yanzu haka ya zama. Ni kuma na kusa ritaya, kuma ban ga wadda zan koya wa ba. Ba na fatan wani zai zo ya gyara labarin, don wanda ya rubuta shi ina jin ya manta ma ya taɓa zuwa Rano.

Hoton dai yana nan a wayata, in kuna son gani. Shi kaɗai ne hoton aikina da aka taɓa bugawa fuskata ta fito duka. Ga ni nan da farantin zogale. Wadda ke bayana, kusa da duro, ita ce Sa'adatu, bokiti a hannun hagu. Jama'a da yawa sun kalli hoton nan, sun yi dariya, sun yi tsaki, sun tsine mini. Ku matso ku dubi hannunta na dama, lokacin yana da lafiya. A dunƙule yake. Maganinta na yamma ne a ciki, tana jira baƙon ya tafi ta sha.